Kurakuran da ake yi wajen zaɓa wa mage mai raunin ciki abincin gwangwani

A yawancin gidajen Kano, abin da ya rage a kwano shi ne rabon mage: ɗan tuwo da miya, kan kifi, ko ƙashin kaza idan ta taki sa'a. Yanzu da masu kiwon maguna masu dogon gashi, irin na Farisa, suka ƙaru, abincinsu na gwangwani ya fara samuwa a manyan kantuna da shagunan magungunan dabbobi. Wahalar tana zuwa ne idan mage ta haɗa zaɓen abinci da raunin ciki, ta sunsuna kwano ta juya baya, ranar da ta ci kuma a wayi gari da amai ko gudawa a tsakar ɗaki. Mafi yawan kurakuran da ke biyo baya gaggawa ce ke jawo su.

Na farko shi ne ɗora wa abinci laifi tun kafin likitan dabbobi ya duba ta. Magen da ke fita tana kama ɓera da ƙadangare ba kasafai take rabuwa da tsutsar ciki ba, kuma babu gwangwanin da zai tsayar da gudawar da tsutsa ta haddasa, komai tsadarsa. A kai kashinta a gwada, a ba ta maganin tsutsa daidai da nauyinta. Idan akwai jini a kashin, ko tana ramewa, ko gudawar ta wuce kwana biyu, to batun ya wuce na canjin abinci, musamman ga 'yar ƙarama wadda ruwan jikinta ke saurin ƙarewa. Kada a buɗe akwatin maganin gida, domin farasitamol guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, shi ma Flagyl da muke sha don gudawa yana taɓa mata jijiyoyi idan ya yi yawa.

Wasu kuma suna ɗauka cewa duk kifin da ke cikin gwangwani abincin mage ne, sai su sayo Geisha ko Titus a shagon unguwa. Waɗannan don mutane aka yi su, da gishiri da mai da miyar tumatir, kuma duk abincin da albasa ko tafarnuwa ta shiga yana lalata jajayen ƙwayoyin jinin mage. Ita mage dabba ce mai rayuwa a kan nama, tana buƙatar wani sinadari da ake kira “taurine” wanda jikinta ba ya samar da isasshe. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka tabbatar cewa ƙarancinsa na jawo mata ciwon zuciya, bayan an riga an san yana makantar da ita, shi ya sa kamfanoni suke ƙara shi a abincinta. Saboda haka abincin kare ma bai dace da ita ba. A duba jikin gwangwanin: wanda aka rubuta wa “complete” ya ƙunshi duk abin da take buƙata, wanda aka rubuta wa “complementary” kuwa ƙari ne kawai, ba a dogara da shi kullum. Madara ita ma a janye ta, domin yawancin maguna ba sa narkar da sukarin da ke cikinta bayan yaye.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna, a ganina, shi ne canje-canje. Ta ƙi na kaza yau, gobe a buɗe na kifi, jibi na naman sa. Hanjin da dama yake da rauni ba ya jure wannan, mai ita ba zai taɓa gane wanne ne ke ɓata mata ciki ba, ita kuma ta koyi cewa idan ta juya baya za a kawo wani. Gyaran shi ne a zaɓi iri ɗaya mai nama kala ɗaya, a shigar da shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10: kashi ɗaya bisa huɗu na sabon a cikin tsohon, bayan kwana biyu ko uku a mai da shi rabi, sannan uku bisa huɗu. Idan kashinta ya yi ruwa a wani mataki, a koma na baya a ɗan jima. Daga nan a tsaya a kansa aƙalla mako biyu ba tare da wani ƙari ba, kuma a nan ne ake faɗuwa, domin yara za su jefa mata tsokar tsire ko su zuba mata kindirmo a ɓoye, sai a ja musu kunne. Hoton kaza a jikin gwangwani ba hujja ba ne. A ƙa'idar Turai, kashi 4 cikin 100 na kaza ya isa a rubuta cewa abincin yana ɗauke da kaza, ragowar na iya zama haɗin nama da kifi, alhali naman sa da kifi da kaza su ne kan gaba cikin abubuwan da jikin wasu maguna ke ƙi. Jerin kayan haɗin da ke baya shi za a karanta. Akwai abinci na musamman don masu ciwon hanji, kamar Royal Canin Gastrointestinal da Hill's i/d, amma da shawarar likita ake ba da su, kuma kafin a fara a tabbatar za a ci gaba da samunsu a gari.

“Ƙyale ta, yunwa za ta koya mata hankali” magana ce mai haɗari. Magen da ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse na iya taruwa a hantarta har ya kai ta ga halaka. Da hanci take zaɓen abinci, don haka wanda ya fito daga firji da sanyinsa ba ya jan ta. A tsoma kwanon cikin ruwan ɗumi har ya kai ɗumin jiki, a zuba kaɗan a faranti mai faɗi, a ajiye nesa da wurin bahayarta. Wata ta fi son niƙaƙƙe, wata mai gutsattsari cikin romo. Idan hancinta ya toshe, kamar yadda kan faru lokacin hunturu da ƙura, a goge mata shi da tsumma mai ɗumi kafin ta ci.

Saura ajiya. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, abinci mai laima kuma ba ya daɗewa a buɗe kafin ya fara lalacewa, ga ƙuda ga kiyashi. Abin da ba ta cinye cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ba a zubar, a wanke farantin. Ragowar gwangwani a juye a roba mai murfi a sa a firji, a ƙarar cikin kwana biyu, idan kuwa an ɗauke wuta tsawon yini to a haƙura da shi. Shi ya sa ƙaramin mai giram 85 ya fi babban mai giram 400 dacewa da gidan da wuta ba ta tsayawa, ko da babban ya fi araha. Wajen saye a duba ranar ƙarewar wa'adi, a bar duk wanda ya kumbura, ya yi tsatsa ko ya lotsa a bakin murfi. Idan irin da ta saba da shi ya yanke a kasuwa, dafaffen naman kaza marar gishiri, marar magi, marar ƙashi zai riƙe ta na 'yan kwanaki, amma ba cikakken abinci ba ne da za a ɗore a kansa.