Yadda Ake Saƙa Dardumar Kurdawa Mai Zanen Bishiya

Kurdawa mutanen duwatsu ne da kiwon tumaki, a yankin da ya ratsa Turkiyya da Iran da Iraƙi da Siriya, kuma tun kaka da kakanni an san su da saƙar darduma. Garuruwa irin su Bijar da Sanandaj da Mahabad a yammacin Iran kowanne da irin hannunsa. Cikin zanen da suka yi fice da shi akwai wanda ake kira bid majnun, wato bishiya mai rassa a zube kamar ta sunkuyar da kai tana kuka, a jere da doguwar bishiyar sarwu mai tsini da wasu itatuwa masu 'ya'ya.

Abin da ya kusa kashe wannan kyau shi ne rinin kanti. A 1856 wani matashi ɗan Ingila, William Perkin, ya haɗa launin farko na sinadari, a 1868 kuma Jamusawa suka haɗa jan da a da sai daga saiwa ake samunsa. Ga araha ga sauƙi, sai masaƙa suka rungume shi, wasu launukan kuwa ko su koɗe ko su zuba da zarar sun ga ruwa. Sai a 1981 wani Bajamushe masanin sinadarai, Harald Böhmer, ya jagoranci shirin DOBAG a ƙauyukan yammacin Turkiyya, aka koma rini da tsirrai. Ba na Kurdawa ba ne shirin, amma shi ya buɗe ƙofar da masu farfaɗo da tsofaffin zanen bishiya suke bi yau. Ga yadda aikin yake tafiya.

Mataki na farko: nemo ulu na gari

Kada ka yi gaggawar zuwa ga zane, domin rabin kyan darduma a jikin tunkiya yake. Ana son ulun da aka aske daga tunkiya mai rai, na askin bazara, mai tsawon sili da ɗan maiƙo. Wanda aka kankare daga fatar da aka kai majema busasshe ne, yana karyewa, kuma ba ya shan launi da kyau. In ka murza shi a hannu ka ji yana kaushi kamar soson wanka, ka bar wa mai shi.

Tumakinmu irin su Yankasa da Uda da Balami gashi gare su, ba ulu ba, don haka ba za su yi wannan aiki ba. A yankinmu sai dai irin su tumakin Masina na ƙasar Mali, waɗanda Fulani ke saƙa bargo da ulunsu. In ba haka ba, sai a sayi ulun waje wanda ba a rina ba.

A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi. Ba a cuɗa shi, ba a kuma fitar da shi daga ruwan zafi a tsoma a na sanyi, in ba haka ba sai ya cure ya zama dunƙule guda. In ya bushe a taje shi, sannan a kaɗa da mazari, a haɗa sili biyu a murɗe su wuri ɗaya. Zaren hannu ba ya zuwa daidai wa daida, wani wuri kauri wani wuri siriri. Kada wannan ya dame ka. Shi ne ma ake nema, don kowane ɓangare yana shan rini gwargwadon murɗinsa.

Mataki na biyu: rini

Nan ne aikin yake, nan kuma mai gaggawa yake asarar ulunsa.

Kafin ja ko rawaya su kama, sai an fara dafa zaren a ruwan alif, wannan dai da ake sa wa ruwa ya kwanta. Kimanin giram 200 na alif ya ishi kilo ɗaya na busasshen zare. A bar shi kan wuta kaɗan-kaɗan kamar awa guda, a sauke, ya kwana a cikin ruwan.

Ja yana fitowa daga saiwar wani tsiro da Farisawa ke kira runas, Larabawa kuma fuwwa. Ba a tonon saiwar sai ta kai shekara uku a ƙasa. A shanya, a daka, a jiƙa ta kwana. In ja mai duhu kake so, kilo na saiwa ga kilo na zare. Sharaɗin ɗaya ne: kada ruwan ya tafasa. A tsayar da zafin ƙasa da digiri 70 a ma'aunin Celsius. Karon farko da na gwada, na bar tukunya kan wuta na tafi amsa sallama, ko da na dawo tana ɓararraka, zaren da na sa rai zai fito jawur ya fito kalar ƙasa-ƙasa kamar tsohon tulu. Kuma kada ka zubar da ruwan bayan tsomin farko. Tsomi na biyu da na uku suna ba da ja mai haske, wanda ake yin furanni da 'ya'yan itatuwa da shi.

Shuɗi kuwa Bahaushe ba baƙonsa ba ne, baba ne, irin wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata a Kano. Shi ba ya buƙatar alif. Za ka tsoma zaren ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya zama shuɗi a kan idonka. Duhu ba daga daɗewa a ruwa yake zuwa ba, daga yawan tsomi ne: tsoma, fitar, bari ya sha iska, sake tsomawa. Sai dai a kula, ruwan toka mai kaifi da auduga ke jurewa yana cin ulu. A sassauta shi, in an gama kuma a ɗauraye zaren da ruwan da aka ɗiga wa ɗan ruwan tsami.

Rawaya ana samunta daga furen isparak ko bawon rumman. Ruwan ƙasa daga ɗanyen bawon jauzi, wannan ɗan itacen da cikinsa ke kama da ƙwaƙwalwa. Kore, wanda zanen bishiya ba ya yiwuwa sai da shi, rini biyu ne: a fara da baba, sannan a bi da rawaya. Da yake rawaya ta fi saurin koɗewa, ganyen tsofaffin dardumai yakan karkata zuwa shuɗi.

Baƙi shi ne mai matsala. Wanda ake haɗawa da ruwan ƙarfe yana cinye ulu a hankali, shi ya sa a tsohuwar darduma za ka shafa ka ji wuraren baƙi sun lotsa alhali ja da shuɗi suna nan tsaye. Ni dai shawarata a nemi ulun baƙar tunkiya a huta.

Wani abu kuma: in zaren tukunya ɗaya ya ƙare aka ɗauko na wata, launin zai ɗan bambanta, sai ka ga ratsi ya gitta filin dardumar. Sunansa abrash. Mai sayen kafet ɗin inji zai ce aibi ne, masana darduma kuwa shi suke fara dubawa.

Mataki na uku: zana bishiyar

Masaƙan Bijar suna da wata dabara, ƙaramar darduma da ake kira wagire, wadda aka tara guntayen zane a cikinta, reshe nan, fure can, yankin baki a gefe. Ita suke ajiyewa kusa suna kallo. Matan ƙauye da yawa ma da ka suke saƙawa, yadda suka gani a hannun iyayensu.

Kai da kake koyo, ɗauki takarda mai gida-gida, kowane gida ƙulli ɗaya. Fara da sarwu, don ita ce mai sauƙi: gindi siriri, jiki ya buɗe, ya tsuke zuwa tsini. Bid majnun ta fi wuya saboda rassanta suna hawa ne sannan su zubo. Bishiyar Kurdawa ba ta da lanƙwasa mai santsi irin ta dardumar birnin Isfahan na Iran, rassanta hawa-hawa suke kamar matakala, kuma ba dole dama ta yi daidai da hagu ba. Abin da za ka kiyaye shi ne, in an daddage saƙa ƙulli yakan fi faɗi a kan tsayi, sai bishiyar da ka zana doguwa ta fito gajera mai ƙiba. Saƙa ɗan gwaji kamar faɗin tafin hannu, ka auna, ka ƙara layuka a zanen.

Mataki na huɗu: wadari

Kada ka fara da babba. Santimita 40 a faɗi, 60 a tsayi ya isa. In ƙulli 3 ne a kowace santimita ta kowane gefe, ƙulli 120 ke nan a layi, zaren tsaye 240, sai ka ƙara kaɗan na baki. Gaba ɗaya ƙulli 21,600. A ja zaren tsayen a kan katako ya ɗame daidai ko'ina, don in gefe ɗaya ya saki, dardumar za ta fito a karkace kuma babu gyara. Tsofaffin dardumai na Kurdawa da ulu ake musu wadari, na baya-bayan nan da yawa da auduga, wadda ta fi sauƙin sarrafawa ga ɗan koyo. A fara da saƙa ta fili kamar yatsa biyu ko uku don ta riƙe ƙullin.

Mataki na biyar: ƙulli

Kurdawa ƙulli mai kai biyu daidai suke yi, wanda ake kira na Turkawa. Abin dariya, ɗaya nau'in ƙullin an laƙaba masa sunan Senne, tsohon sunan Sanandaj, alhali masaƙan garin ba shi suke yi ba.

Kama zaren tsaye biyu da ke maƙwabtaka. Ɗora zaren launi a kan fuskarsu, zagaya da bakin dama ta bayan na dama, bakin hagu ta bayan na hagu, su fito tare ta tsakiya. Ja ƙasa, yanke da wuƙa. Haka za ka bi layin, kana ƙirga gidajen takarda kana canza launi. Daga ƙasa ake farawa, saboda haka gindin bishiya ne zai fara bayyana, sai ka yi kwanaki kafin ka ga reshen farko.

In layi ya cika, a ratsa zaren kwance tsakanin na tsaye, yawanci sau biyu, a naɗe bakin dama da na hagu, sannan a daddage da mataji mai nauyi. A Sanandaj sau ɗaya suke ratsawa, dardumarsu ta fito siririya. A Bijar kuwa jiƙa zaren kwancen suke yi, su yi ta dukansa da ƙarfe har sai ya shige, shi ya sa ake wa dardumarsu kirari da ƙarfen Farisa. Bayan kowane 'yan layuka a rage tsawon gashin da almakashi don zanen ya fito, amma kada a aske ƙasa sosai tun yanzu.

Mataki na shida: saukewa da wanki

In an kai ƙarshe a rufe da saƙa ta fili kamar yadda aka fara, a yanke zaren tsayen a bar tsawon da za a ɗaure geza. A wanke da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a matse ruwan ta inda gashin ya kwanta, a shimfiɗa a rana. Wasu 'yan kasuwa kan yi wankin sinadari don sabuwa ta yi kama da tsohuwa, amma ƙarfin ulun suke ragewa. In ta bushe a yi askin ƙarshe a daidaita gashin. Sannan ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a kan jan, in ya fito fari tas rininka ya kama.

Wajen ajiya, darduma mai tauri irin ta Bijar naɗe ta ake yi kamar tabarma, ba a ninke ta, don zaren cikinta na iya karyewa. A riƙa fito da ita ana kakkaɓewa tana shan iska, saboda asu ya fi son ulun da aka manta da shi a ɗaki mai duhu.