Yadda za ka zaɓi ƙaramar na'urar rarraba intanet da za ta jure zafi da ɗaukewar wuta

Mai shagon intanet ko makarantar da ke son kai sadarwa ajujuwa ba ya buƙatar ƙatuwar kwamfuta mai shan wuta. Wani ɗan allon kwamfuta da bai fi tafin hannu ba ya isa, muddin an bi zaɓen a jere.

Da farko, yanke shawarar manhajar da za ka yi aiki da ita tun kafin ka tambayi farashi. pfSense da OPNsense, manhajojin rarraba intanet, sun fi zama a kan kwamfuta mai furosesar (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel ko AMD, don haka kar ka sayi ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da niyyar ɗora su. OpenWrt kuwa tana hawa na'urori da dama, kuma akwai jerinsu a shafinta. Nemo lambar samfurin a can harafi da harafi, domin suna ɗaya na iya zuwa da kayan ciki daban.

Na biyu, ƙirga ramukan kebul ɗin intanet. Kana buƙatar aƙalla biyu: ɗaya intanet ta shigo, ɗaya ta fita. Raspberry Pi 4 rami ɗaya gare ta, NanoPi R2S biyu, MikroTik hEX biyar. Ƙananan akwatunan nan masu furosesar Intel N100 da ake yo oda daga Sin sukan zo da huɗu. Idan aikin auna zafin ɗaki ne ko kunna famfon rijiya daga nesa, duk waɗannan sun yi yawa, ɗan ƙaramin allon sarrafa na'urori mai suna ESP32 ya wadatar.

Na uku, kuma a nan mutane suka fi ƙona kuɗinsu, maganar wuta. Juya na'urar ka karanta abin da aka rubuta kusa da wurin jona caja. Raspberry Pi 4 volt 5 take so, amfiya 3, kuma cajar waya ta bakin titi ba ta cika ba ta wannan ba, sai ka ga tana kashe kanta tana kunnawa. Mai volt 12 ta fi dacewa da mai batirin sola, amma a kula: batirin da ake kira 12 yakan haura 14 lokacin caji. Ko dai ka sa ɗan abin daidaita wuta a tsakani, ko ka ɗauki wadda ke karɓar wuta mai faɗi. hEX samfurin RB750Gr3 tana aiki daga volt 8 har 30, shi ya sa nake fifita ta a wurin da NEPA ba ta da tabbas.

Na huɗu, guji mai fanka. Ƙurar hunturu za ta toshe ta, zafin Afrilu ya ƙarasa aikin. Nemi mai jikin alminiyom mai tsaga-tsaga, ka ajiye ta inda iska ke shiga. Katin mimori kuma yakan lalace idan aka ɗauke wuta ana cikin rubutu a kansa, ma'adanan bayanai irin su eMMC ko SSD sun fi shi juriya.

Sai wurin saye. A Farm Centre ta Kano, Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja, tambayi ƙananan kwamfutocin ofis na hannu irin su HP t620. Ba su da fanka, suna da araha, sai dai ramin kebul ɗinsu ɗaya ne kuma cajarsu ta kai volt 19.5. Kar ka biya sai an kunna a gabanka: soka kebul a kowane rami ka ga fitilarsa ta kama, shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka tabbatar babu kalmar sirri, sannan ka nemi saitin da ke sa ta kunna kanta da zarar an kawo wuta.