Kurakuran da aka fi yi game da Charlie Christian, da yadda za a gyara su

Charlie Christian, makaɗin jita ɗan Amurka, bai wuce shekara biyu yana naɗar faifai ba, daga 1939 zuwa 1941, amma da wuya a sami makaɗin jitar jaz (salon kiɗan da ya samo asali daga baƙar fatan Amurka) da ya zo bayansa bai ɗebi wani abu daga gare shi ba. Gajartar rayuwarsa ta sa labarinsa ya cika da ƙari da ragi, har masu rubutu da masu koyon jita suka riƙa gadon kurakurai iri ɗaya daga juna.

Kuskuren da ya fi yawo shi ne cewa shi ya fara kaɗa jitar lantarki. Ba haka ba ne. Kamfanin Gibson ya fito da samfurin ES-150, wanda Christian ya yi suna da shi, tun a 1936, kuma Eddie Durham da George Barnes sun naɗi faifai da jitar lantarki a 1938, kafin a ji Christian a faifai ko ɗaya. Haka kuma ba shi ya fara fitar da karin kiɗa a tsirkiya ɗaya-ɗaya ba, domin Eddie Lang da Django Reinhardt sun riga shi, sai dai da jitar da ba ta lantarki ba. Gyaran shi ne a faɗi ainihin abin da ya yi, wanda a ganina ya fi zama na farko daraja. A manyan ƙungiyoyin kiɗan suwing, wato salon jaz na rawa na wancan zamani, aikin mai jita shi ne riƙe bugu daga baya, kamar yadda Freddie Green ya yi a ƙungiyar Count Basie, saboda ƙarar kayan busa tana danne sautinsa. Christian ya gane cewa lantarki ya ba jita dogon numfashi, sai ya riƙa jan layin kiɗa mai tsawo irin na masu busa saksofon, musamman Lester Young wanda ya yi tasiri a kansa ƙwarai. Mary Osborne, wadda ita ma ta zama gwanar jita, ta ba da labarin cewa ranar da ta fara jinsa a garin Bismarck ta ɗauka saksofon ake busawa, sai da ta ga jitar da idonta.

Akwai kuma masu ba da labarin haɗuwarsa da Benny Goodman, shahararren shugaban ƙungiyar kiɗa da ya ɗauke shi aiki, kamar an tsinto wani yaro ne daga ƙauye wanda bai san komai ba. Wannan rashin adalci ne ga garin da ya raine shi. Mahaifinsa makaho ne mai kiɗa, kuma tun Charlie yana ƙarami yake bin sa tare da 'yan'uwansa suna kiɗa a titunan birnin Oklahoma don samun na abinci. Ya girma a unguwar baƙar fata da ake kira Deep Deuce, inda gidajen rawa suke cike da gwanaye, ya kuma yi yawon kiɗa da ƙungiyar Alphonso Trent. Mary Lou Williams, gwanar fiyano, ita ce ta ba John Hammond, mai shirya faifai, labarinsa, Hammond kuma ya kai shi wurin Goodman a Los Angeles a watan Agusta na 1939. Gwajin farko bai burge Goodman ba, sai da Hammond ya shigar da shi dandamali a gidan cin abinci na Victor Hugo, inda aka kaɗa "Rose Room" aka daɗe ana yi. A kula a nan, domin wasu suna ɗaukar faifan "Rose Room" da ake ji yau a matsayin kiɗan wannan dare, alhali an naɗe shi ne a New York ranar 2 ga Oktoba, 1939.

Wasu tsofaffin littattafai sun ce an haife shi a Dallas a 1919. Daidai shi ne 29 ga Yuli, 1916, a garin Bonham na jihar Texas. Tarin fuka ya yi ajalinsa ranar 2 ga Maris, 1942, a asibitin Seaview da ke Staten Island, yana da shekara 25.

Batun bibop, sabon salon jaz da ya biyo bayan suwing, shi ma ana wuce gona da iri a kansa. Gaskiya ne cewa bayan tashi daga aikin Goodman yakan nufi gidan kiɗa na Minton's Playhouse a unguwar Harlem ta New York, inda Kenny Clarke yake kan ganga, Thelonious Monk kuma kan fiyano, kuma wani matashi mai suna Jerry Newman ya naɗi wasu daga cikin kiɗan da ya yi a can a watan Mayu na 1941. To amma sunan "Swing to Bop" da aka liƙa wa shahararren faifan daga baya aka ƙirƙiro shi, asalin kiɗan kuwa "Topsy" ne. Christian ya kwanta a asibiti a tsakiyar 1941, shekaru kafin Charlie Parker da Dizzy Gillespie su naɗi faya-fayansu na 1945. Abin da ya dace a rubuta shi ne cewa yana cikin waɗanda suka share wa bibop hanya, ba wai shi ya ƙirƙiro shi ba.

Masu koyon jita kuwa sukan haddace wuraren ɗora yatsu daga takarda, su yi gudu, su rasa bugun da ke ɗauke da kiɗan nasa. Barney Kessel, makaɗin jita wanda ya taɓa kiɗa tare da Christian a Oklahoma, ya ce yawancin bugunsa daga sama zuwa ƙasa yake, abin da ya ba kowane sauti nauyi. Wes Montgomery, shi ma gwanin jita, da kunne ya koyi layukan Christian daga faifai, kuma hanyar da ta fi ke nan: a saurari "Seven Come Eleven" ko "Solo Flight" har a iya rera su da baki kafin a ɗauki jita. A kuma duba wace fitowa ta faifan ake saurare, domin a wasu tsofaffin fitowa na "Breakfast Feud" an yanko kiɗansa daga naɗi daban-daban an haɗa wuri ɗaya. Tarin faya-fayai huɗu da kamfanin Columbia ya fitar a 2002 ya kawo kowane naɗi yadda aka yi shi, kuma da shi ya kamata mai koyo ya yi aiki.