Yadda na gyara 'yar tankar rimot da ke karkata hagu

Tankar tawa samfurin Tiger I ce, tankar yaƙin Jamus ta 1942, a ma'aunin 1:16, wato ainihin tankar ta ninka ta sau goma sha shida a tsawo. Ta hannu na saye ta a nan Gusau. Da ta taka yashi sai ta riƙa ja hagu, can kuma sarƙar da take tafiya a kai ta zame.

Irin waɗannan ba su da sitiyari. Injin lantarki biyu ne a ciki, kowane da sarƙarsa, bambancin gudunsu ke juya ta. Saboda haka karkata na nufin ɓangare ɗaya ya raunana. Na buɗe cikin, na tarar haƙoran giyar hagu sun cinye. Na roba ne. Masu ƙerawa kan sa giyar roba don rage farashi da nauyi, kuma tana isa muddin sarƙar ma ta roba ce. Mai ita na farko ya sauya sarƙar zuwa ta ƙarfe, ya bar giyar yadda take, nauyi ya fi ƙarfinta.

Sai ƙafafun. Na Tiger a sarƙafe suke cikin juna, ko a ainihin tankar laka kan maƙale a nan. A wajenmu yashi ne da ƙurar hunturu. Na kwance su duka na goge da tsohon buroshin haƙori, ban shafa musu giris ba, don giris ƙura yake tarawa.

Na sa akwatin giya na ƙarfe a ɓangarorin biyu, don canza ɗaya kawai zai bar gudun ba daidai ba. Na cire gaɓa guda daga kowace sarƙa ta ɗame. Yanzu tana tafiya miƙe, sai dai batir na saurin ƙarewa.