Babi na Tara: Yadda Ake Auna Aikin Maƙeran Jirgin Sama na Farko

Iyayena da yayyena, barkanmu da sake haɗuwa. A ɗauki fensir, a buɗe sabon shafi. Kada sunayen Turawan da ke wannan babi su tsorata kowa. Idan suna ya yi wuya, a sa yatsa a kansa, a karanta shi gaɓa-gaɓa.

Darasi na 1: Tambayoyi uku

A rubuta waɗannan a saman shafi, daga hagu zuwa dama, kowace a layinta:

1. Jirgin ya tashi da ƙarfin injinsa?
2. Akwai mutum a ciki yana juya shi inda yake so?
3. Ya sauka lafiya?

Yanzu a ja layi a ƙarƙashin ta biyu. A sake ja. Ita ce wadda ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali ita ce uwar sauran. Doki ko ya fi iska gudu, idan babu linzami, mahayinsa kaya ne kawai. Duk maƙerin da muka karanta, kafin a ce ya ci nasara ko ya gaza, a koma tambaya ta biyu. A karanta ta da ƙarfi. Madalla. A sake.

Darasi na 2: Langley da 'yan gidan Wright

Samuel Langley babban masani ne a Amurka. Gwamnati ta ba shi dala 50,000 ya ƙera jirgin da zai ɗauki mutum. (Sifiri huɗu ne, a ƙirga su da yatsa. Dubu hamsin ke nan.) A shekarar 1903 aka harba jirginsa daga saman wani jirgin ruwa a kogin Potomac, mataimakinsa Charles Manly yana ciki. Ranar 7 ga Oktoba ya faɗa ruwa. Ranar 8 ga Disamba ya sake faɗawa. Allah ya kiyaye, Manly ya fita da rai.

A nan ne mutane ke cewa "ya faɗi, ya gaza," su rufe littafi. A'a, Baba, a dakata. Ƙananan jiragen Langley marasa mutum sun tashi tun 1896, kuma injin babban jirginsa ya fi na abokan takararsa, 'yan gidan Wright, ƙarfi nesa ba kusa ba. Ina matsalar take? A koma tambaya ta biyu. Langley ya zuba hankalinsa a kan inji, bai ba juya jirgi haƙƙinsa ba, Manly kuma bai taɓa koyon shawagi a sama ba kafin ranar. Wannan shi ne abin da nake zarginsa da shi, ba faɗuwar ba.

Wilbur da Orville Wright wa da ƙane ne, masu shagon keke a garin Dayton na Amurka. Daga 1900 zuwa 1902 suna ta gwada jirage marasa inji a tudun rairayi kusa da Kitty Hawk, suna koyon murɗa bakin fiffike da juya wutsiya don jirgi ya bi umarninsu. Sai da hannu ya faɗa, sannan suka sa inji. Ranar 17 ga Disamba, 1903, Orville ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci tazarar mita 37. Sau huɗu suka tashi a ranar. A na ƙarshe Wilbur ya yi daƙiƙa 59, mita 260.

Aiki: a cire 8 daga 17. Kwana nawa ke tsakanin faɗuwar Langley ta biyu da tashin Orville? A rubuta amsar.

Sannan tambaya ta biyu: akwai mutum a ciki yana juya shi? E. A rubuta "E". Kada a raina daƙiƙa 12, ba tsawon lokacin muke aunawa ba. Tambaya ta biyu muke aunawa.

Darasi na 3: Lilienthal

Otto Lilienthal Bajamushe ne. Ya yi shawagi kusan sau 2,000 da fikafikai marasa inji, yana karkata jikinsa da ƙafafunsa don ya juya. A watan Agusta na 1896 ya faɗo, washegari ya rasu.

Na san abin da wasu za su rubuta: "Ya mutu, saboda haka ya gaza." Haba, Inna! Sau nawa zan faɗa? Wannan gaggawar ba ta dace da manya ba. Wanda ya zo aji don ya kwafi amsar maƙwabcinsa, kansa yake cuta. A koma tambaya ta biyu. Yana juya shi? E, amma da nauyin jiki kaɗai, kuma nauyin jiki ba ya isa idan iska ta yi gardama. 'Yan gidan Wright sun karanta rubuce-rubucensa, daga nan suka gane sai an nemi wata hanya. Ni dai ina sa shi cikin waɗanda suka ci nasara, Allah ya sani.

Darasi na 4: Ader

Clément Ader Bafaranshe ne. A 1890 jirginsa mai injin tururi ya ɗaga daga ƙasa kaɗan, ya yi kamar mita 50. Ba shi da hanyar kirki ta juya shi. A amsa tambayoyin uku. A fara da ta biyu.

Darasi na 5

Alberto Santos-Dumont, ɗan Brazil, ya tashi a Paris a 1906, mita 220. Jirage sun fara sauka a Kano a 1925. A cire 1903 daga 1925: shekara nawa ke tsakanin tashin Orville da saukar jirage a Kano? A kawo amsa ranar aji mai zuwa, kowa da rubutun hannunsa.