Babi Na Bakwai: Yadda Ake Tafiyar Da Kwamitin Sa-Kai Na Kula Da Ruwa Da Kifi

'Yan'uwa ɗalibai, iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Duk wanda ya kawo wannan babi ya riga ya iya rubuta sunansa, ya iya karanta rasit, ya iya lambobi. Yanzu za mu ɗauki karatun nan mu kai shi bakin ruwa.

A ajinmu akwai masunta daga wajen Dakace a nan ƙasar Zariya, akwai masu lambu a fadamar kogin Galma, akwai masu zuwa daga gefen dam ɗin Shika, akwai iyayenmu mata masu suya da bandar kifi. Bakinku ya zo ɗaya: kifi ya ragu. Tarwaɗar da ake kawowa kasuwa yau, a da mayar da irinta ruwa ake yi ta ƙara girma. Ƙoramar Kubanni kuwa, kafin ta gangaro ta haɗu da Galma, ta kwaso leda da dattin gari. Kowa yana kuka a gindin bishiya, kukan ba ya isa inda za a ji. Kwamiti shi ne hanyar isar da shi.

DARASI NA 1: Mene ne wannan kwamiti?

A karanta da ƙarfi, gaɓa-gaɓa: kwa-mi-ti. Sa-kai. Sha-wa-ra.

Sa-kai yana nufin babu albashi. A san da wannan tun yau, kada wata uku ya wuce wani ya zo yana tambayar alawus. Shawara kuma tana nufin ku ba hukuma ba ne. Kwamiti ba ya ƙwace ragar kowa, ba ya cin tara, ba ya dukan yaron da aka kama yana kamun kifi da gidan sauro a ruwa. Aikinsa ya gani, ya zauna, ya rubuta, ya kai wa masu iko: Sarkin Ruwa, mai unguwa, dagaci, hakimi, ƙaramar hukuma, da jami'in kula da kamun kifi na ma'aikatar gona.

Doka tana nan, ba ku za ku ƙirƙiro ta ba. Tun 1992 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kamun kifi a koguna da tafkuna, ta hana kamu da guba, da nakiya, da lantarki. Wanda ya zuba gamalin, wato maganin kashe ƙwari, a gulbi ya karya wannan doka, ya kashe kifi har da ƙwansa, ya sa wa shanu da yara guba a ruwan sha. A shekarar kuma aka yi dokar kamun kifi a teku. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, daga Legas har Kuros Riba, kuma an hana manyan jiragen kamun kifi jan raga a cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, don a bar wa masu kwale-kwale wurin cin abinci. To, in babban jirgi ya keta da daddare, wa ke ganinsa? Mai kwale-kwale. Haka yake a nan. Jami'i yana ofis, ku ne kuke bakin Galma da asuba.

DARASI NA 2: Su wa za su zauna a ciki?

A zaɓi mutum 7, ko 9, ko 11. Kada a zaɓi 8 ko 10, don in aka ɗaga hannu kada a yi kunnen doki.

Kada a cika shi da masunta zalla. Ruwan ba nasu ne su kaɗai ba. A sa mai lambu, don injinsa na jan ruwa, maganin feshinsa kuma na komawa ruwa. A sa makiyayi, saboda mashaya. A sa ɗaya daga cikin masu haƙar yashi, ko da ana jin haushinsu, domin gara ya ji maganar a zaune da a aika masa da ita. Lallai kuma a sa mata, aƙalla biyu. Mai banda ita ce ke fara sanin kifi ya ƙanƙance, tun da ita ke jera shi a kan waya ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa jin wata uwa a aji tana cewa da ƙarfasa goma ke cika mata faranti, yanzu sai ta zuba talatin. Babu masuncin da ya taɓa ba ni lissafi mai kyau kamar wannan.

Sarkin Ruwa uba ne ga kwamiti, a fara zuwa wurinsa kafin a kira taron farko, sannan mai unguwa. Ku dubi Argungu: ana hana kamu a kogin Matan Fada har lokacin bikin kamun kifi ya zo, kuma mutane na kiyayewa saboda maganar ta fito daga bakin masu ruwan. Da ɗan gari akan ci gari.

Muƙamai uku sun isa: shugaba, magatakarda, ma'aji. Magatakarda shi ne mai rubutu. Darasi na gaba nasa ne, amma kowa zai koya, don magatakarda na iya yin zazzaɓi ranar zama.

DARASI NA 3: Littafin zama

A nutsu a nan. Wannan shi ne wurin da na ga an fi tuntuɓe.

A sayi littafi mai layi, mai bango mai ƙarfi, da biro biyu. Ba fensir ba, fensir yana gogewa. Ba falle-fallen takarda ba, iska na ɗauka, yara na ƙunsa ƙuli-ƙuli da su. A rubuta sunan kwamiti a bango. A samo leda a riƙa sa littafin a ciki, don aikinmu kusa da ruwa yake.

Kowane zama, a buɗe sabon shafi. A layin farko, a can sama, a rubuta rana da kwanan wata. Ga misali:

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

A layi na biyu a rubuta wurin zama. Daga nan sunayen waɗanda suka zo, kowa a layinsa, da lamba a gefen hagu: 1, 2, 3. Wanda ya iya ya sa hannu a gaban sunansa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya dangwala babban yatsa, ba abin kunya ba ne, watan gobe zai sa hannu in sha Allahu.

Yanzu an fara magana. Baba magatakarda, ajiye biron. Kada ka bi bakin mutane da rubutu, ba za ka cim musu ba, kuma ba hirar ake so a littafi ba. Ka saurara har a kai ga matsaya. In an kai, sai ka ɗauki biro ka amsa tambaya uku:

ME aka yanke?
WA zai yi?
YAUSHE zai yi?

A karanta su tare sau uku. Me. Wa. Yaushe.

Ga yadda ɗalibai suka saba rubutawa:

"An yi magana a kan masu kamu da gidan sauro. Za a ɗauki mataki."

Wane mataki? Wa zai ɗauka? Ran wace kasuwa? Wannan rubutu ko shekara ya yi a littafi babu abin da zai motsa. Kalmar "za a" ba ta da ƙafa, ba ta zuwa ko'ina. Ga yadda ya kamata:

ME: A kai wa Sarkin Ruwa ƙorafin kamu da gidan sauro a ƙasan gada.
WA: Malam Wane da Malama Wance.
YAUSHE: Litinin, 16 ga Yuni.

Kun ga bambanci? A inda na sa Wane da Wance, ku sunan mutum na gaskiya za ku sa, wanda yake zaune a wurin, wanda ya ce "na ji, na ɗauka" da bakinsa. Kada a rubuta sunan wanda bai zo ba. Kada a rubuta "matasa". Kada a rubuta "kowa da kowa", aikin kowa da kowa babu mai yinsa. A wajen YAUSHE kuma kada a rubuta "nan gaba kaɗan", kada a rubuta "bayan Sallah". A sa rana, a sa lamba, a sa wata.

In rubutunka a hankali yake tafiya, ka ce wa shugaba a dakata maka. Ba laifi ba ne. Sannu ba ta hana zuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce tun a gida, kafin ka fito, ka rubuta ME, WA, YAUSHE a gefen shafi sau uku ko huɗu, ka bar fili a gaban kowanne. In ka zo zama sai cikewa kawai. Filin da ka gani babu komai a ciki, shi ne zai tuna maka ka ɗaga kai ka ce, "Ranka ya daɗe shugaba, ba a faɗi wanda zai je ba."

Kafin a shafa fatiha, magatakarda ya miƙe ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, kowa ya ji. In akwai gyara a yi nan take, shugaba ya sa hannu a ƙasa. A zama na gaba kuma, bayan addu'a, abin da za a fara da shi ke nan: a buɗe shafin baya, a karanta ME, a dubi WA a ido, a tambaye shi ko ya yi.

Bari in gaya muku abin da ya faru da ni. Na taɓa raka wasu masunta wani ofis a kan kifin da ya mutu ya taso fari fat a saman ruwa. Mun yi sammako, mun biya kuɗin mota, mun zauna a benci har azahar. Da aka kira mu, jami'in ya karɓi littafin, ya buɗe, ya tambaya, "Yaushe abin ya faru? Wa ya gani?" Muka duba shafin tare. An rubuta "an ga kifi ya mutu da yawa", shi ke nan. Ba rana, ba suna, ba wuri. Dattijon da ke riƙe da littafin ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ɗalibina ne, ni na koya masa, kuma ranar na san ban nanata masa yadda ya kamata ba. Shi ya sa nake nanata muku.

Duk da haka, makon jiya na karɓi littattafan gwaji, na tarar da yawanku sun bar WA babu komai. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Mutumin da ke iya tuna wanda ya ci bashin tarwaɗa uku tun damina, shi ne zai manta da rubuta suna ɗaya? Wannan ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, kunyar ambaton sunan mutum a gabansa ce, kuma kunyar nan ita ke kashe kwamiti. Ku cire ta. In ba za a rubuta WA da YAUSHE ba, gara kowa ya zauna a gida ya gyara birginsa na kamun kifi, ya fi amfani.

Aikin gida: A gyara waɗannan jimloli. A sa wa kowace ME, WA, YAUSHE.

1. Za a yi wa masu lambu magana a kan wanke tankin feshi a gulbi.
2. Za a share ledar da ta taru a mashaya.
3. Za a gayyato jami'in kifi ya nuna mana awon idon raga da doka ta yarda da shi.

Wanda ya kawo mini aikin da "za a" a ciki, zai sake.

DARASI NA 4: Zagayen ruwa

Sau ɗaya a mako mutum biyu su zaga bakin ruwa. Kada mutum ɗaya ya je shi kaɗai. A duba launin ruwa da warinsa, da irin kayan kamun da ke ciki, kalli ne, birgi ne, gura ce, ko gidan sauro. A sa yatsa a idon raga a ga nawa ke shiga. A ƙara sa ido da damina, lokacin da ruwa ke malala cikin ciyawa kifi na zuba ƙwai. In an ga abin da bai dace ba, kada a yi faɗa. A dawo a rubuta a bayan littafi: me aka gani, a ina, wa ya gani, yaushe. Mai waya ya ɗauki hoto.

DARASI NA 5: Wasiƙa zuwa hukuma

Kwanan wata a sama ta hannun dama. Sunan ofishin da za a kai ta hannun hagu. Gaisuwa layi ɗaya. Magana ɗaya tak a wasiƙa ɗaya. Shugaba da magatakarda su sa hannu. A yi kwafi biyu, a ba da ɗaya, a roƙi akawu ya buga hatimi a ɗayan a dawo da shi. A littafin zama a rubuta WA zai kai, da YAUSHE zai koma bin sawu.

DARASI NA 6: Kuɗi

In ana karo-karo, ma'aji ya yi littafi dabam. Shafin hagu abin da ya shigo, shafin dama abin da ya fita. A karanta jimla a kowane zama. A duba Babi Na Huɗu a kan rasit.

DARASI NA 7: Sauya shugabanni

A tsayar da wa'adi tun farko, a rubuta shi a shafin farko. In ya cika a sake zaɓe. Tsohon magatakarda ya miƙa littafi ga sabo a gaban mutane, da ledarsa.