In an ɗaure naka kuma kana ganin an yi son kai a shari'ar, ga yadda ake ɗaukaka ƙara

Mu nan Najeriya ba mu da tsarin juri irin na Amurka da Ingila inda ake zaɓo mutum 12 daga cikin gari su ce wane ya aikata ko bai aikata ba, alƙali ne da kanshi ke sauraro ya yanke. Saboda haka in shari'ar a nan gida aka yi, a ce a Kaduna, son kan da za ka kai ƙara a kai na alƙali ne ko na yadda aka tafiyar da zaman, kuma madogararka sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci.

Fara da lissafin kwana tun kafin kuka ya lafa. In Babbar Kotu ce ta yanke hukunci kwana 90 gare ku ku shigar da takardar ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma akwai reshenta a nan Kaduna. In majistare ne, Babbar Kotu za a nufa kuma lokacin bai kai haka ba, kwana 30 ne. Takardar a rajistirin kotun da ta yi hukuncin ake ajiye ta. In lokaci ya wuce ana iya roƙon ƙari amma sai kun yi rantsuwa kun kawo dalili mai kama hankali, “muna ta haɗa kuɗin lauya” ba kullum yake shiga kunnen alƙalai ba. Marasa hali su leƙa ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba talaka lauya kyauta.

To ga inda yawancin mutane ke faɗuwa. Alƙalan sama ba sa sake kiran shaidu, ba su ga hararar da alƙali ya yi ba, ba su ji tsakin da ya ja ba, abin da ke rubuce a rikodin shari'a kaɗai suke karantawa, shi ya sa dole lauyanku ya nemi kwafin hukunci da na zaman gaba ɗaya mai hatimin kotu ya bi shi shafi shafi. Ina aka hana wanda ake tuhuma kiran shaidarshi? Ina aka hana lauya yi wa shaidar gwamnati tambayoyi? An karanta mishi tuhuma da Turanci alhali ba ya ji kuma ba a kawo tafinta ba? Alƙali ya furta cewa mutumin ɓarawo ne tun kafin ya kare kanshi, ko yana da dangantaka da mai ƙara? Waɗannan su ne nama. Amma “kowa a unguwa ya san an sayi shari'ar” wallahi ko kallonta ba za a yi ba in babu hujja. Ma'aunin shi ne, mai hankali da ya zauna a kotun ya ga komai zai fita yana cewa da alamar an karkata? Kuma in lauya ya yi ƙorafi tun a lokacin har aka rubuta, maganarku ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kar kuma a sa rai da yawa. Kotu na iya yarda an yi kuskure amma ta ce bai kai ya ɓata adalci ba ta bar hukuncin, ko ta soke ta ce a sake shari'ar gaban wani alƙali, ba lallai a sallame shi ya dawo gida ba. Beli kafin a gama ɗaukaka ƙara ma wuya gare shi. In an faɗi a Kotun Ɗaukaka Ƙara saura Kotun Ƙoli a Abuja, kwana 30.

Wanda nashi ke ƙasar waje kuma juri suka same shi da laifi, ku gaggauta, a Ingila kwana 28 ne, kotunan tarayya na Amurka kwana 14 kacal. Abin da juri suka tattauna a ɗakinsu sirri ne da kotu ba ta cika buɗewa ba, sai dai a 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta ce in ɗan juri ya fito fili da kalaman wariyar launin fata ana iya bincika, kuma tun 1986 ta hana mai gabatar da ƙara cire mutum daga juri saboda launinshi. Lauyan can za ku ɗauka, na nan ba zai iya tsaya muku ba.